Ƙayar Kifi a Tafin Yaya

Litinin, 6 ga Mayu
Ƙayar kifi ta soki Yaya a tafin hannu muna tsakiyar gyara. Ya matse jinin, ya ɗiga gam ɗin nan mai kamawa nan take, ya mayar da hannu cikin baho. Haka duk masu kifin layinmu suke yi, wai don kada ruwa ya shiga.

Laraba, 8 ga Mayu
Hannun ya kumbura. Abin da ya ɗaure min kai, wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma Yaya da ko ƙonewa ya yi ba ya cewa wash, yau nishi yake. Na ce mu je asibiti. Ya ce, “Ke da son jin ƙwaƙwaf. A kan ƙaya?” Ya haɗiyi maganin ciwon jiki ya koma kan teburin kifi.

Alhamis, 9 ga Mayu
Zazzaɓi ya kayar da shi, sai ga mu a asibiti. Nas ta zagaye jan wurin da biro, ta ce in sa ido. Na sa kuwa. Kafin yamma jan ya tsallake zanen ya doshi gwiwar hannu. Ashe ciwo yana tafiya ana kallonsa.

A gadon kusa akwai wani mai walda, ƙarfe ya farke masa ƙafa, raunin ko kalluwa ba ya yi. Amma yana zaune yana cin lemo, yana tsokanar masu shara. To me ya sa shi ake masa dariya, namu kuma likitoci suke ƙus-ƙus a kansa?

Na tare likita a bakin ƙofa na tambaye ta. Ba ta ƙosa ba. Ta ce ba girman rauni ke kisa ba, jikin da ya tarar ne. Mai walda matashi ne, kuma a ranar aka kawo shi, raunin a buɗe, aka wanke. Yaya ya manyanta, ga ciwon suga da ya daina shan maganinsa, ga ƙodarsa ta fara gajiya. Gam ɗin kuma ya kulle ƙwayoyin cutar a ciki suna cin nama ta ƙarƙashin fata. “Abin da ya fi ba mu tsoro jinkiri ne,” in ji ta. Suna so su shiga da shi tiyata yau, wataƙila hannun ba zai tsira ba.

Yaya ya ce sam. “Da me zan riƙe wuƙa? Da haƙori?”

Juma’a, 10 ga Mayu
Jininsa ya sauka. Fatar ta yi baƙi-baƙi, har da ƙuraje masu ruwa. Ya dube ni ya kira ni Inna, mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa. Likita ta ce yanzu ba ya cikin hankalinsa, maganar ta dawo kaina. Ni da ko farashin kifi ban taɓa yankewa ba sai na waiwaye shi.

Na ce a yi tiyatar. Tsoro kamar ya kashe ni.

Asabar, 11 ga Mayu
An yanke, daga gwiwar hannu. Yana numfashi.

Talata, 14 ga Mayu
An sallami mai walda, ya bar mana sauran lemonsa.

Yaya ya farka sosai yau. Ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya ce, “Wa ya ce a yanke?”

Na ce, “Ni ce, Yaya.”

Ya juya fuska bango. Na zauna ina jiran bakina ya ba shi haƙuri kamar yadda ya saba. Haƙurin bai fito ba. Da lokacin maganin suga ya yi na ce, “Tashi ka sha.” Bai kalle ni ba, amma ya buɗe baki.