Faifan Baba na Goma Sha Ɗaya

Unguwar Wambai, Suleja,
12 ga Maris, 1979.

Zuwa ga Yayana Bamalli, a Sabon Shagamu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ta kamaci ƙane ga wansa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya lau kai da iyali, Ya kuma sa albarka a fataucin goronka. Mu nan sai godiya. Inna ta fita takaba makon jiya, ƙafarta ce dai ke taɓa ta in an yi sanyi. Matata Rabi ta sauka lafiya, an samu namiji, mun mayar masa da sunan Baba, Allah Ya jiƙansa. In za ka ba da amsa ka rubuta Suleja a bayan ambulan, don sunan Abuja an ba sabon birnin da za a gina, ko da yake ni har yau bakina bai saba ba.

Wasiƙarka ta ta'aziyya ta iso. Na karanta inda ka ce ba ka son komai na gado, faya-fayan garmahon Baba kuma a farfasa su, tunda babu komai a cikinsu sai roƙo. Maganar ta yi mini ciwo, amma na rasa bakin musu, domin ni ma da na zauna gida ɗaya da shi ban taɓa jin ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ka san shi, ko kusa ba ya yarda a sa muryarsa a gidan nan. Da muka jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado muka tarar da garmahon da faifai goma sha huɗu, an naɗe su cikin wani tsohon zanen Inna. Sai na ce kafin a fasa, bari in ji su duka bi da bi, yadda lambobinsu suka jeru. Kullum bayan la'asar in na ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, sai in zauna a zaure in wana garmaho in ji ɗaya, ciki da baya.

Zan gaya maka ra'ayina tsakani da Allah. Huɗun farko gaskiyarka ce. Murya garau, kukuma tana gudu kamar ana korar ta, amma yabon masu kuɗi ne zalla. Akwai ma kirarin da ya yi wa mutum biyu, suna kawai ya sauya; na yi dariya, daga baya kunya ta kama ni. Daga na biyar zuwa na takwas nan hannunsa ya nuna, musamman waƙar manoman Tafa, wadda babu wanda ya ba shi ko anini a kanta. A na shida da na bakwai akwai mai kiɗan ƙwarya a bayansa, kai ne, kuma ka yi haƙuri Yaya, wuri biyu na kama ka ka makara. Na tara da na goma ba su yi mini ba, kamar dole aka yi masa. Ukun ƙarshe muryar ta dushe, mutane ma cewa suke ya ƙare, ni kuwa su na fi so, don ya daina sauri, yana faɗin magana yana barinta ta zauna.

Na goma sha ɗaya shi ne dalilin wasiƙar nan. A bayansa an rubuta waƙar Cletus Mai Gingimari, direban nan da ke ɗauko goro daga kudu a zamanin. Ta fara kamar sauran, ana yabon mota da mai ita. Can tsakiya sai kukuma ta lafa, Baba ya shiga ba direban sallahu. Ya ce in ya isa ƙasar goro ya duba masa wani dogon saurayi mai tabo a girar hagu, ya gaya masa tsirkiyar kukumar da ya tsinka ranar da zai tafi tuni an ɗaura wata, abin bai kai a kwana da shi a rai ba, kuma ƙofar zaure ba a sa mata sakata ba. Bai ambaci suna ba, amma wa ke da wannan tabo in ba kai ba? Shekara guda bayan tafiyarka aka ɗauki faifan. Inna tana tsakar gida ta ji, ta zo bakin zaure ta tsaya, sai gani na yi ta zauna a ƙasa. Ita ma ba ta taɓa jinta ba. Ta ce duk shekarun nan da bai furta sunanka ba, ta zaci zuciyarsa ce ta bushe.

Yanzu ga laifina, kuma ba zan ɓoye maka ba. Tun daga ranar kullum sai na sa faifan nan. Na sa wa Inna, na sa wa Gwaggo Asabe, 'yar'uwarmu Talatu ta taso daga Kurmin Sarki na sa mata sau uku. Ya fi sau arba'in, duka da allura ɗaya. Na ga ɗan gwangwanin allurai a cikin akwatin, amma ni tela ne, a sanina ba a sauya allura sai ta karye. Da shuuu ta fara rinjayar muryar, na ɗauki garmahon na kai wa Onwuka mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wai ko ya lalace. Yana duba faifan ya ɗora hannu a ka. Ya ce allurar garmaho sau ɗaya ake aiki da ita a yar, in ta dakushe nome faifai take yi kamar garma. Ashe tokar nan da nake sharewa da gefen rigata bayan kowane ji, muryar Baba ce nake kankarewa. Ya ce sauran ba su ji jiki ba, amma wannan da ƙyar in zai ƙara ɗaukar ji biyu. Ya tambaya mana wurin masu sayar da faifai a Kaduna da Anaca, babu mai irinsa. Wallahi Yaya, tun rasuwar ban yi kuka irin na ranar ba.

Onwuka ya ce yana da rikoda, a ɗauka a kaset a aika maka. Na yi murna, Inna ta ce atafau. Ta ce saƙon ba na aikawa ba ne kuma, an aika sau ɗaya bai same ka ba. Sai dai mai shi ya zo zauren ubansa ya zauna, ranar a sa faifan, rikodar ta ɗauka a lokaci guda. Ta karɓe shi ta kai ƙasan adakarta, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Ni ba na neman ka sauya ra'ayinka a kan sana'ar Baba, rabin faya-fayan ma bakinmu ɗaya da kai. Ina dai tsoron kada Inna ta bi Baba kafin ka yanke shawara.

Ka gaishe mini da Yaya Saudatu da yara duka. Inna tana sa maka albarka, Gwaggo Asabe da Talatu da Rabi suna gaisuwa, Onwuka ma ya ce a gaishe ka ko da bai san ka ba. Shekara goma sha takwas saƙon nan yana jiranka, ni kuma na kusa cinye shi da hannuna. Don Allah ka zo ka karɓi abin da ya rage.

Ni ne ƙanenka mai neman gafararka,
Datti.