Zuma a Cikin Maɗaci

Litinin, 2 ga Satumba, 2024. Nahuce.

Yau na shayar da Garwashi ɗaci. An gama.

Bari in rubuta. Shekara arba'in da shida ina hawansa. Yaran yanzu da suka ga irinsa a waya diragon suke ce masa. Mu dai dodon dutse muka taso muka ji ana faɗa a gidanmu, kuma aikinsa ɗaya ne tun kakanni: in gero ya nuna, tsuntsayen jan-baki suka taho kamar hadari, mahayi ya hau ya kore su daga gonakin mutane. To gwiwa ta ƙi ni, ido ma ya fara. Da Babbar Sallah kuwa ya sunkuyar da kai gaban jikata Muzdalifa, 'yar shekara sha shida, wadda hoto kawai ta hau dutsen ɗauka. Shi ke zaɓe, ba mu ba.

Dodo ba ya riƙe mutum biyu a zuciya. Don haka ake jiƙa ɓawon maɗaci kwana uku, tsohon mahayi ya kai masa a ƙwarya da hannunsa. Hannun da bai taɓa miƙa masa komai ba sai alheri. In ya sha, sai ya yi fushin da ba ya hucewa. Sabon mahayi ya bi shi da madara. Tsoho ya sauka ba waiwaye.

Yayata Iya Hassana ce ta jiƙa. Ni na ɗauki ƙwaryar na hau. Na ɗan tsaya a gindin tsamiyar rabin hanya, na huta. Ya sha duka. Na sauko.

Ba waiwaye. To, sau ɗaya.

Laraba, 4 ga Satumba. Gusau.

Na dawo Tudun Wada. Na sa hannu a aljihu wajen alwala, na ji ƙuli-ƙuli. Nasa ne. Dabbar da ke lanƙwame akuya sukutum, amma in ya ji ƙamshin ƙuli sai ya riƙa tura mini hanci kamar ɗan maraƙi.

Ɗana Abdulrahman, uban yarinyar, ya biyo daga ofis. Bai zauna ba. "Baba, yarinyar da ke da jarrabawa baɗi, ita za a ɗora bisa wuta?" Na ce da shi ni ma Turanci nake koyarwa a firamare lokacin da aka ɗora ni. Ya ce wannan zamani ne daban. Na ce jan-baki ba su ji labari ba.

Ranar ashirin da uku ga wata za ta yi ƙetare: daga dutsenmu zuwa duwatsun Tsafe, ta dawo, ita kaɗai. In kwana ashirin da ɗaya suka cika ba a yi ba, dodo kan tashi ya bar dutsen, ba a sake ganinsa. Hanyar kuwa ta bisa Gusau take. Ta bisa rufin nan.

Juma'a, 6 ga Satumba.

Wuyana na ciwo. Kallon sama ne, ba komai ba.

Litinin, 9 ga Satumba.

Muzdalifa ta bugo waya da hantsi. "Angona, ya gwiwa?" Na ce gwiwa na nan tana jiran amarya ta zo ta yi mata gashi. Ta yi dariya kaɗan.

Wai yana shan madara a hannunta. Yana barinta ta ɗaura igiyar rama a gindin wuyansa. Amma da sun ɗaga sama, sai ya karkata kai wajen Gusau, ta ja, ta matsa gwiwa, da ƙyar yake dawowa. "Kaka, haka ya yi maka da farko?"

Na ce iska ce. Iskar ƙarshen damina haka take.

Allah ya yafe mini.

Laraba, 11 ga Satumba.

Tun da littafin nan ba ya da baki, bari in faɗa masa.

A gindin tsamiya ba hutawa na yi ba. Zuma ce a cikin 'yar kwalba, na juye ta duka a ƙwaryar, na motsa da yatsa. Na ce a raina ɗacin na nan, al'ada ta cika, kawai dai kar ya tsane ni. Mutum ya yi shekara arba'in da shida da abu, ya ga Zamfara daga inda shaho ke ganinta, sannan a ce ya je ya sa a ƙi shi da gangan?

Babanmu ya sha gaya mana tatsuniyar mutumin da aka ce ya kashe wuta ya bar garwashi ɗaya don tausayi. Muna yara muna dariya, muna cewa wawa.

Zai manta da ni a hankali. Dabba ce.

Asabar, 14 ga Satumba.

Sai yanzu na samu zama in rubuta.

Wajen ƙarfe goma ina ba zogale ruwa a tsakar gida. Kaji suka watse. Inuwa ta rufe gidan kamar an ja bargo, sai ƙaurin maƙera da na sani ko a kabari. Na ɗaga kai. Garwashi ne, ya naɗe fikafikai yana sulmiyowa, idonsa a kaina. Muzdalifa kuma a bayansa, ta zame gefe, ƙafa ɗaya na lilo, hannu biyu a igiya, jan ɗankwalinta na kaɗawa.

Manyan wayoyin lantarki na bayan layinmu. Tsakaninsa da su bai kai tsawon tabarma biyu ba.

Ban san lokacin da na faɗa ɗaki na rufe ƙofa ba. Da ya rasa ni sai ya yi wata ƙara, ya buɗe fikafikai, kwanon makwabta ya ɗaga ya koma. Yaran unguwa suna ihu suna tafi, su a ganinsu wasa ne.

Da la'asar Iya ta bugo. Sun sauka. Igiya ta saɓule wa yarinyar fatar tafin hannu duka biyu. Aka miƙa mata wayar. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Kaka, ba ya so na. Ni ce ban iya ba. Kai da kake yi ba ya haka."

Na ce ta sa man shanu.

Lahadi, 15 ga Satumba.

Abdulrahman ya je ɗauko ta. Ya dawo shi kaɗai. Wai ta ce ko da haƙori za ta riƙe igiyar, ranar Litinin ta sama sai ta yi ƙetare. Ya kalle ni ya ce, "Halin wa ta ɗauko?"

Kwana takwas.

Talata, 17 ga Satumba. Nahuce.

Iya ta aiko in zo, ba ta ce don me ba. Shekarunta saba'in da takwas, nawa saba'in da ɗaya, amma in ta kira har yau ba na tambaya.

Ko ruwa ba ta ba ni ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar, ta dire a gabana. Ƙwaryar na da tsaga da aka ɗinke a gefe. Ƙiyashi ne layi guda suna shiga tsagar suna fita.

"Attahiru, mi ka gani?"

Na ce ƙiyashi.

"Sau ukku ina wanke ta suna komowa. Tun da nike, ban ga ƙiyashi ya bi maɗaci ba. Kai ka taɓa gani, Malam mai boko?"

Na ce ƙila an taɓa dama fura a ciki.

"Wagga ƙwarya? Da tun kakanmu Bawa ba ta san komi ba sai ɗaci?" Ta zauna a kan turmi. Ta kalle ni. "Ka ji tausai nai. To ɗiyar mutane fa? Je ka dubi hannuwanta."

Na je na duba. Tana barci a rumfa, tafukan a buɗe bisa cinya, an shafe su da mai.

Iya ta riga ta jiƙa wani. Ta ce wannan karon sai na faɗa wa yarinyar da bakina.

Laraba, 18 ga Satumba.

Na faɗa mata.

Na zaci za ta yi faɗa. Ta kalli ƙasa ta ce, "Kenan ba ni ce ban iya ba." Na ce ba ke ba ce. Ta ce, "Kwana tara ka bar ni ina zaton ni ce." Ba ta ce angona ba. Ba ta ce Kaka ba. Ta tashi ta tafi wajen awaki.

Abin da babba ya hango, an ce yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba a faɗi abin da babba ya rufe ido ya ƙi gani ba.

Alhamis, 19 ga Satumba.

Iya ta ce shayarwa ta biyu ba a taɓa yi ba a gidanmu, ba ta san yadda zai ɗauka ba. Ya san ƙwaryar da zaƙi yanzu. Zai sha da yarda. Numfashinsa kuwa na ga ya mai da kututturen gawo toka.

Na ce in an jima in rubuta wasiyya. Ta ce in rubuta wa zan bar wa gwiwar.

Asabar, 21 ga Satumba.

Bayan sallar asuba muka hau. Muzdalifa ce ta ɗauki ƙwaryar a ka, don hannu ba ya riƙo. Iya na biye da muciya, wai sanda ce. A gindin tsamiya na rage tafiya, gwiwa ce da gaske wannan karon. Yarinyar ta ce, "Ba a nan za a huta ba." Muka wuce.

A bakin kogon Iya ta ce in zazzage aljihu. Ƙuli biyu suka faɗo. Ta take su da ƙafa. Muzdalifa ta tsoma ɗan yatsa a ruwan ta lasa, fuskarta ta tattare, ta tofar. Sannan ta miƙo mini.

Ya fito. Ya yi irin gurnanin nan na cikin ƙirji da ba ya yi wa kowa sai ni. Ya goga mini kai a kafaɗa har na kusa faɗuwa, ya shinshina aljihu, ya ga wayam, ya kalle ni. Da ya ga ƙwaryar sai ya kwantar da wuya ya buɗe baki tun kafin in miƙa.

Na so in ce wani abu. Ba a magana.

Na ɗura masa. Duka, har da gari-garin ƙasa.

Ya haɗiye. Ya tsaya cik. Ƙayoyin bayansa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙararsu. Ya ɗago kai sama da ni, ya ja iska, na ga maƙogwaronsa ya yi ja daga ciki. Na ji Iya na salati. Na yi kalmar shahada, ban rufe ido ba, don na ga ya cancanci in kalle shi.

Ya huro ta gefen kunnena. Dutsen da ke bayana ya tsage. Hannun rigata ya kama da wuta, rabin gemu ya tafi. Da ni ya nufa, da ba kuskure. Shekara arba'in da shida ban ga ya yi kuskure ba.

Sai ya juya mini baya.

Na ji muryarta, siririya, tana rawa amma ba ta tsaya ba: "Garwashi. Taho. Taho nan." Na ji ƙarar madara a ƙoƙo. Sauran ban gani ba, don Iya ta dafa mini muciya a ƙeya ta ce, "Ka waiwaya in fasa ma kai." Haka muka sauko, tsoho da tsohuwa, har gindin dutse.

Ban waiwaya ba. Ko ba muciya.

Lahadi, 22 ga Satumba. Gusau.

A masallaci an tambaye ni gemu. Na ce risho ne.

Litinin, 23 ga Satumba.

Iya ta ce in zauna a tsakar gida, a fili, inda zai gan ni. In zai sauko gara a sani. Abdulrahman bai je aiki ba. Ya shimfiɗa darduma kusa da ni, carbi a hannu. Shayi ya huce a gabanmu.

Tara da kwata kaji suka ɗaga kai.

Can sama, sama ƙwarai, kamar gauraka. Ya zo daidai kan gidan. Na ji Abdulrahman ya kama mini hannu, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan firamare. Na ƙirga bugun fikafikan. Ɗaya. Biyu. Uku.

Bai ko karkata ba. Ya miƙe Tsafe.

Sha ɗaya saura suka dawo, ƙasa-ƙasa wannan karon, har ina ganin jan ɗankwalin. Ta saki hannu ɗaya ta ɗaga mana. Da hannun da ba fata! Abdulrahman ya miƙe yana ihu, "Riƙe da biyu! Riƙe da biyu, don ubanki!" Sai ya tuna waye uban, ya zauna yana dariya yana share ido.

Shi kuwa ko ƙasa bai duba ba.

Alhamdu lillahi. Haka ake so. Na shiga ɗaki na ɗan jima.

Juma'a, 4 ga Oktoba.

Jan-baki sun zo ranar Talata ta wajen fadama, Muzdalifa ta kore su kafin azahar. Iya ta ce mutanen Nahuce sun kawo dami har rumfa ta cika. Wai ta fi ni iya juyi. Iya dai ba ta taɓa yabona ba, ba yau za ta fara ba.

Jiya yarinyar ta bugo. "Angona, gemu ya tsiro?" Na ce amarya ta zo ta gani. Ta tambaye ni yadda ake yi in iska ta bugo ta ƙarƙashin fiffiken hagu. Mun fi rabin awa. Na aika mata da ƙullin ƙuli ta hannun direban Bunguɗu, na ce ta riƙa sawa a aljihun dama, can yake nema.

Da safe sun wuce, ina ba zogale ruwa. Makwabcina Malam Khalid ya leƙo ta katanga ya ce, "Ya dabbar taku, ta rame ko ta yi ƙiba?" Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na ga ban sani ba. Ɗankwalin na tsaya nema.

Shuɗi ta ɗaura yau. In gaya mata ta koma ja, shuɗi ba ya ganuwa a sama.