Sau Ɗaya Aka Yarda a Nuna Ki

Lahadi. Aikin farko: wanke kwanukan jiya, shanya rigar makarantar Nabila.

Maman Nabila,

Assalamu alaiki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Kin san ni da rubuta abin da ya faru kowace rana, to abin jiya ya ƙi rubutuwa, sai da na sa sunanki a sama.

Gida lafiya. Nabila ta fara ɗaura ɗankwali da kanta, a karkace, ban gyara mata ba. Maƙwabciyarmu tana aiko da abinci ranar Juma'a har yanzu. A sito, can Cheetham Hill, sun mayar da ni aikin safe don in riƙa ɗauko ta daga makaranta. Daga jami'a sun aiko da kayan ofishinki a kwali, yana nan bayan ƙofa, ban buɗe ba.

Kin tuna fim ɗin da kika yi a kan girkin matanmu na unguwar Longsight, nan Manchester, wanda kika tura wa bikin fina-finai na ƙaramin garin nan na bakin teku? Sun karɓa. Amsarsu ta zo bayan mun binne ki.

Kafin nan yayanki, Yaya Mustapha, ya zo daga Birmingham da saƙon Umma, mahaifiyarki, daga Kano, cewa a goge hotunanki duka. Tsoronta shi ne duk idon da ya kalle ki bayan kin tafi, a kanki za a rubuta. Ban yi musu ba. Na bi wayarki da tawa da shafukanki ɗaya bayan ɗaya, na kira ƙawayenki su ma su cire. Na yi aikin tsaf, yadda nake jera kaya a sito. Da na gama, fim ɗin nan kaɗai ya rage inda kike motsi, inda kike magana.

Ni da kaina na kira Umma. Ta daɗe tana kuka, sannan ta tambaye ni ko gashinki ya fito a ciki. Yaya zan yi mata ƙarya? Ni na riƙe kyamarar ranar. Kina suyar ƙosai, ƙararrawar hayaƙi ta ɓarke, kika hau kujera, kika zare ɗankwali kina yi mata fifita kina dariya. Na gaya mata haka. Daga baya ta ce ta san wahalar da kika sha a kansa, a nuna sau ɗaya, sannan a goge na masu bikin da namu. Na yi mata alkawari. Yaya Mustapha bai ji daɗi ba, amma bai tsallake maganarta ba. Ya dai ce in kai masa ɗan akwatin kwamfuta da kika ajiye fim ɗin a ciki har gidansa a Ladywood, can Birmingham, mu goge tare, don ya shaida wa Umma ya gani da idonsa.

Jiya na je. Ban tafi da Nabila ba, na ji tsoron ta yi kuka a gaban baƙi. Tun daga tasha nake tambayar kaina ko na kyauta.

Garin ƙarami ne, Maman Nabila, iska kuma ba ta hutawa. Rabin shagunan bakin ruwa a rufe suke, ko'ina warin man suyar kifi, fararen tsuntsaye na ta kuka a kan rufi. A wani tsohon coci da aka mayar zaure ake nuna fina-finan, a kan kujerun naɗewa. Matar da ke shirya bikin ta tare ni a ƙofa da hular ulu, idonta ya yi ja kamar ta san ki. Ta ba ni ɗakin da suke tara kujeru na yi sallah. Yawancin masu kallo tsofaffi ne da rigunan ruwa. Kafin naki an nuna na wani mutum mai gyaran kwale-kwale, na kalle shi daga farko har ƙarshe, zan iya ba ki labarinsa duka.

Sai aka zo naki. Na ga sunanki a allo, babba, yadda kike so. Na ji mai yana ƙara a kasko, na ji kina cewa Nabila ta matsa daga wuta. Daga nan kaina ya sunkuya. Ban sa shi ba, kuma na kasa ɗaga shi. In na yunƙura, ƙeyar mazan da ke gabana nake gani, kowa ya zuba miki ido, ni kuwa na kawo ki. Sai na koma kallon takalmana ina nema miki gafara. Da ƙararrawar ta ɓarke, zauren duka ya fashe da dariya, taki na tsakiya. Wannan dariyar lada ce gare ki, ko nauyi na ƙara miki? Wa zai gaya mini? Lokacin da na ɗago, sunaye ne ke wucewa a baƙin allo, ana tafi.

Kin hana ni kallonsa a kwamfuta, kika ce sai a babban allo. To an nuna shi a babban allo. Mutanen da ba su iya faɗin sunanki ba sun gan ki, ni ban gan ki ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranakun da nake bin ki a Stockport Road da jakar kyamara a kafaɗa ina ƙorafin sanyi, ba a taɓa yin ranakun da na ji ni wani ne kamarsu ba. Ke mai bincike a jami'a, ni da takardar sakandare, amma ni kike juyowa ki tambaya ko hasken ya yi. Ban san komai game da haske ba. Nakan ce ya yi, ki yarda.

Akwatin yana kan tebur yanzu. Na jona shi da kwamfuta na cire, na sake jonawa na cire. Umma ta ce sau ɗaya. In na kalla, na biyu ke nan? Idon miji ba idon baƙo ba ne, amma har yanzu haka hukuncin yake tsakanina da ke? Ina tsoron tambayar malam. In ya ce a'a, shi ke nan. In ya ce e, ban tabbata kaina zai ɗagu ba.

Da safe Nabila ta tambaye ni ko an tafa miki. Na ce an tafa. Sai ta ce, da Turancin nan nata na Manchester, ta fara manta yadda kike kiran sunanta. Kiran yana cikin akwatin, Maman Nabila. Na ji shi jiya da kunnena. Na yi wa mahaifiyarki alkawari, ga kuma 'yarki. Da kina nan da kin yanke a take, kin bar ni ina ta auna abin da ya riga ya wuce.

Allah Ya haskaka kabarinki. In akwai laifi a abin jiya, Ya ɗora shi a kaina, ke ba ki san an yi ba. Ki huta.

Mijinki,
Shu'aibu, Baban Nabila

Gobe, Litinin:
- Neman izinin rabin yini a sito.
- Kiran mai gyaran injin wanki.
- Saƙo ga matar bikin, ta goge nasu.
- Jirgin ƙasa zuwa Birmingham, akwatin a aljihun ciki.
- Kafin jirgi, kafin makaranta: Nabila. Ban san abin da zan rubuta a nan ba.