Ɗigon da suka bi ƙasa

Litinin, 3 ga Maris
Na auna sabulun yau a masana'antarmu, na ɗiga nauyin a jadawali, ɗigon ya sake faɗowa ƙasan layin tsakiya. Babu wanda ya tsallake layin iyaka, amma tun makon jiya duk ƙasa suke bi. A wurin horo an ce mana in suka jeru gefe guda haka, wani abu ya goce ko da ido bai gani ba. Sabulunmu ramewa yake a hankali.

Talata, 4 ga Maris
Na nuna wa Kawu, tunda injin yanka a hannunsa yake, kuma shi ya samo mini aikin nan. Ya yi dariya, wai ni da ɗigona sai ka ce mai duba. Daga baya ya rage murya ya ce in rufa masa asiri, wuƙar injin ce ta cinye, zai canza kafin Juma'a. Kada manaja ya ji. Ƙanin Mama ne, me zan ce?

Juma'a, 7 ga Maris
Bai canza ba. Wai Litinin.

Laraba, 12 ga Maris
Dillali ya dawo mana da kaya mota guda, nauyi bai cika ba. Manaja ya tara mu, ya shimfiɗa jadawalina a tebur, ya bi jerin ɗigon da yatsa, ya tambayi wa na gaya wa. Na dubi Kawu. Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba.

Ya ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, yarinya ce, ba ta gaya wa kowa ba. A yi mata afuwa."

Har da roƙa mini afuwa. Wannan ya fi komai ci mini rai. An ba ni takardar gargaɗi, saura ɗaya a sallame ni.

Asabar, 15 ga Maris
Mama ta ce in yi haƙuri, yana da iyali. Ni kuma daga sama na faɗo, ke nan.

Alhamis, 27 ga Maris
An sa sabuwar wuƙa, yanzu kuma ɗigon sama suke hawa. Na ɗauki jadawalin na nufi ofis. Kawu ya tare ni a bakin inji, ya ce, "'Yata, mu gani mana tukuna."

Na ce, "Ka gani a wurin manaja, Malam."

Ba fushi nake ba, aiki ne kawai. Sai da na zauna na lura da sunan da na kira shi.