Ranar da Mai Ramuwa Ya Shigo Wasanmu

Ya Modu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mama tana gaishe ka. Na rubuto maka ne a nan dandalinmu na sada zumunta, inda sauran 'yan wasanmu za su gani, don abin ya shafe mu duka, kuma bakina ya kasa faɗa maka a waya.

Maganar Wasan Gari ce, wanda ka ƙirƙira a tsakar gidanmu na Limanti. Wannan ya zama alƙali, wannan mai shago, wancan ɗan fashi, mu wuni a garin da babu shi. Da za ka tafi ka bar mini jagoranci, ka ce in ƙara duk abin da na ga ya dace.

To, na ƙara. An yi ta ƙorafi cewa 'yan fashi kullum suna tsira, don alƙali ba ya samun shaida. Sai na kawo Mai Ramuwa. Kowa zai zura hannu a jaka, wanda ya zaro ƙwallon dabino shi ne, kuma ba zai gaya wa kowa ba. In an zalunci wani, sai ya sulale bayan ɗaki, ya sa babbar riga, ya rufe fuska da baƙin ƙyalle, ya fito ya hukunta mai laifi. Kowa ya yi murna, har da tafi.

Ranar Asabar bayan la'asar, Emeka, ɗan mai shagon nan na Kasuwar Kwastam, shi ne ɗan fashi. Ka san shi da ban dariya. Ya kwashe kayan mai shago yana rawa, muna ta ƙyaƙyatawa. Sai Mai Ramuwa ya fito.

Ya Modu, tafiyar ma ba ta wasa ba ce. Ya nuna ƙasa da sanda, ya ce Emeka ya kwanta rub-da-ciki, ya ɗora hannu a ƙeya. Emeka ya kwanta yana murmushi. Sai muryar ta ce, a hankali, "Ina sauran mazan gidan? Ku fito da su." Babu wannan a wasanmu. Babu wanda ya rubuta shi. Amma duk wanda ya girma a garin nan ya san inda aka samo shi.

Dariya ta ɗauke. Na ga Emeka ya daina murmushi. Ni da ya kamata in tsayar da wasan, sai na tsaya ina kallo.

Da kansa Mai Ramuwa ya yar da sandar, ya cire ƙyallen. Falmata ce. Falmata 'yar Konduga, wadda iyalinta suka gudo bayan masu rufe fuska sun kashe babanta, wadda ke zaɓar zama mai tallan ruwa kullum don kada a sa ta magana. Idonta a bushe. Ta dubi ƙyallen ta ce, "Na daɗe ina son in san abin da suke ji a cikinsa. Ashe ba a jin komai. Mutum ƙarami kake ganinsa."

Sannan ta durƙusa kusa da Emeka tana ba shi haƙuri. Shi ya riga ta kuka. A nan muka ji cewa shi ma an taɓa kwantar da shi haka a kan hanya, yana yaro, gefen kawunsa. Kullum muna tare, muna cin abinci a kwano ɗaya, ba mu sani ba.

Na cire Mai Ramuwa daga wasan, ba wanda ya yi musu. Na ɗauka ba za mu sake ganin su biyun ba, amma Asabar ɗin da ta biyo tare suka shigo. Falmata ta ce alƙali take so ta zama, kuma fuska a buɗe za ta yanke hukunci.

Na yi kewarka, yayana. Da kana nan, da ina da kafaɗar da zan jingina a ranar.

Allah ya jiƙan baban Falmata, ya sanyaya zukatan da ke ɗauke da abin da ba su faɗa, ya zaunar mana da garinmu lafiya, ya dawo mana da kai cikin aminci.

Ƙanwarka,
Yagana