Inna, Mutuminki Ya Sauka, Mu Ma Mun Bar Gida

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ina rubuto miki daga Filingue, inda muke zaune yanzu a ɗakin aro bayan kasuwar dabbobi.

Jiya a rediyo anka yi ta gardama kan tsohon shugaban ƙasa, wanda kike ce ma "mutumina". Wasu na yabo, wasu na zagi. Ni ban kira ba, don ke ce kika cancanci jin amsata. Ke kinka tashe ni ran zaɓe ko kumallo ban karya ba, kina cewa, "Tashi, wannan zai kawo muna ruwa."

Ya kawo, Inna, ba zan yi mishi ƙarya ba. Kin ga fanfon da anka kafa a ƙauyenmu, kan hanyar Sanam. Na tuna yadda kinka tara hannu biyu kinka sha, kinka rangaɗa guɗa har tsofaffi na dariya. Kin huta da igiyar rijiyar nan da ta cinye tafin hannunki. Lakwal ɗin da nake koyarwa ya samu azuzuwan siminti a madadin rumfar kara. Motar Yamai ta daina kwana a hanya. Da wa'adinshi ya cika kuma ya sauka da ƙafarshi, abin da ba mu saba gani ba.

Kin rasu lokacin da yake zagaya ƙasashen duniya ana tafa mishi. Yamai ta yi gadoji da manyan otal don tarbar baƙi. Ya kira sojojin Turawa, ya ce abokai ne, za su tsare mu. Jiragensu na ratsa samanmu, yara na ɗaga musu hannu.

Amma masu bindiga a kan babura sunka zo. Da farko shanu sunka kora. Daga baya sunka aiko a rufe lakwal, na sallami yarana da rana tsaka, wata yarinya na tambayata ko hutu ne.

Sai Ilu, autanki. A gonarki sunka same shi, hatsi ya fara fid da kai. Ya ce musu shi manomi ne kawai, ba su saurare shi ba. Mun yi ta buga waya muna neman agaji. Ranar ma jirgi ya wuce ta kanmu, bai ko karkata ba. Sojojinmu sai washegari sunka iso, yara ƙanana da yunwa a fuska, su ma sun binne nasu a hanya. Na gode Allah da ba ki ga yadda munka ɗauko Ilu a amalanken jaki ba.

To me zan ce game da mutuminki? Ya gina abin da ake yanke ma ƙyalle a ɗauki hoto, ya kasa tsare waɗanda ya gina dominsu. Ya san hanyar fadar kowane sarkin duniya, ta ƙauyenmu ce ta ɓace mishi. Wani makiyayi ya ce min fanfon na nan yana aiki, masu bindigar ne ke shan ruwan yanzu.

Wanda ya gaje shi an kifar da shi, an kori sojojin Turawa. Mun fita titi da murna, har da ni. Har yau dai ba wanda ya koma gida. Rumbunanmu sun faɗi, hatsin taimako muke ci.

Inna, abin da ya fi ci min rai shi ne kabarinki. Kusa da ke munka kwantar da Ilu, cikin gaggawa, da reshen aduwa munka yi alama, sannan munka gudo. Damana ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Ɗiyarshi Hadiza ta ce in kai ta ta ga inda babanta yake, na ce mata sai an samu lafiya. Ko an samu, Inna, ban san ko zan gane wurin ba.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Ilu, ya haskaka makwancinku. Allah ya yi hukunci tsakaninmu da duk wanda aka ba amanarmu. In ba mu da rabon komawa, Allah ya haɗa mu inda ba a korar kowa.

Ɗanki mai kewarki,
Habu