Ƙuri'ata a Ƙungiyar Kurket

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Lawali, tsohon akawun ofishin jakadanci, nake rubuta wannan da hannuna a ɗakina na Abbasiya, Alƙahira. Hankalina garau yake, ƙirjin ne kawai ya gaji. Zuwa ga 'ya'yana biyu, Al'amin da Humaira.

Na ɗaya. A binne ni nan Masar, kusa da mahaifiyarku Dije. Kada a wahalar da gawa a jirgi.

Na biyu. Sandata ta wasan kurket, wadda na ɗaure mariƙinta da zare, ta Humaira ce. Farar hulata ta wasa kuma ta Al'amin ce. Tukwane da firji a ba Mahasin, maƙwabciyata 'yar Sudan. Shekara uku ita kaɗai ke ƙwanƙwasa ƙofar nan.

Na uku, maganar ƙuri'a. Mu bakwai muka kafa ƙungiyar kurket ta jiharmu a filin makaranta mai ƙaya, ana yi mana dariya. Ni kaɗai na rage, kuma kujerar wanda ya kafa, gidansa ke gadonta. Yanzu da aka fara fita gasa ƙasashen waje, manya sun farka. Al'amin, maigidanka ɗan majalisa yana son shugabanci. Humaira, ƙanin mijinki ɗan sarki shi ma yana so. A kan haka kuka daina gaisawa, har da salla.

Ɗan majalisa ya yi mini alkawarin gina filin da raga biyu, a zatonsa ƙwallon ƙafa muke bugawa. Ɗan sarki kuwa, cikin ladabi, ya tambaye ni dawaki nawa ake shiga da su, ya ɗauka folo ne. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sannan na waiga ban ga wanda zan ba labari ba. Ba na ƙin su, mutanen kirki ne. Amma a zaɓi Malam Habila, malamin wasanni, wanda ya shekara ashirin yana share filin nan yana koya wa yara riƙon sanda. Na rubuta wa sakataren ƙungiya cewa ƙuri'ar gidana ba ta shiga akwati sai da sa hannunku ku biyu, a takarda ɗaya, a zama ɗaya.

Na huɗu. Ku tuna dokar da na koya muku a tsakar gida. A kurket, 'yan wasa sha ɗaya ne a kowane ɓangare, masu bugu kuma biyu-biyu suke tsayawa. In aka fitar da goma, na sha ɗayan dole ya bar fili, ko da ba wanda ya fitar da shi, don ba a bugu babu abokin gudu. Tun ranar da Dije ta rasu nake tsaye a wannan matsayi, kuma ina gaya muku babu daɗi. Kada ɗayanku ya jefa ɗan'uwansa a ciki da gangan.

Na biyar, ku yafe mini. Tun watan azumi na yanke shawara kan Habila, amma na yi ta ce muku ina tunani. Ba tunanin komai nake ba. Na lura tunda rigimar nan ta taso kowannenku yana kirana sau biyu a mako, sai na ji tsoron in na ba da amsa wayar za ta yi shiru.

Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuri'arku, Ya haɗa kanku. Lambata ta kusa daina shiga. Sau biyun nan a mako, ku riƙa kiran juna.